Tirakar mashin ɗinmu tana nuna rugar innata

Assalamu alaikum Hajiya Zulaihatu. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana, domin abin da za ni faɗa miki ko maigidana bai san ƙarshensa ba. Kullum ina karanta filinki a waya, ban taɓa zaton wata rana ni ma za ni rubuto ba. Ki yi haƙuri in maganar ta yi tsawo ko ta hargitse, kaina ba ya wuri ɗaya.

Ni matar aure ce a Sabon Birni, ɗiyana uku. Maigidana ɗan kabu-kabu ne, yana jigilar mutane da kaya tsakanin garinmu da Isa, ranar kasuwa kuma yakan leƙa ƙauyuka. Tun da zuwa gona ya zama abin tsoro, da mashin ɗin nan muke ci muke sha. Bara bayan kaka Allah ya hore masa ya sauya sabo. A lokacin ne ƙanensa Talha, wanda ke da shagon wayoyi a Sakkwato, ya zo mana da wani ɗan abu baƙi da bai fi kwalin ashana girma ba. Ya ce sunansa tiraka, sabon yayi ne, ana ɓoye shi cikin mashin, duk inda mashin ɗin ya nufa za a gan shi a taswirar waya. Ya ce har ana iya kashe injin daga nesa, mutum na zaune cikin ɗakinsa.

Abin yana aiki ne da layin waya. Ina da wani layi da na yi rajista da sunana ba na amfani da shi, sai na bayar anka saka a ciki. Wayar maigidana ƙarama ce mai madanni, don haka a tawa Talha ya sa manhajar, ya ce ni da kaina in zaɓi lambar sirri. Na zaɓa, kuma har yau ni kaɗai na san ta.

Da farko wallahi daɗi abin ya yi mini. Wani ɗan ɗigo shuɗi ne ke tafiya a kan taswira. In na ga ya baro Isa sai in ɗora sanwa, kafin ya iso tuwo ya sauka. Maigidan har tsokanata yake yi, wai ya auri jami'ar tsaro, ko shayi ya tsaya sha a hanya sai an tuhume shi. Maƙwabta mata suna zuwa kallo. Hankalina ya kwanta irin kwanciyar da na daɗe ban samu ba.

Wata ranar kasuwa bayan la'asar ina tsintar shinkafa, wayar tana gefena, na ga ɗigon ya tsaya a tsakiyar hanya, wurin da babu gari babu rumfa. Na ce ko taya ce. Can sai ya motsa, amma bai bi titi ba, ya yanki daji ta inda na san babu hanya. Na kira wayarsa, a kashe. Hajiya, ni ce mutum ta farko a duk garin da ta san an tare maigidana, kuma ba ni da abin da za ni iya. Ina riƙe da wayar ina kallo har ɗigon ya ɓace. A nan tsakar gida na zauna, ɗiyata babba tana tambayata mi ya faru.

Allah ya yi da sauran kwanansa. 'Yan bindiga ne, sun doke shi da gindin bindiga sun karya masa kafaɗa, sunka karɓe mashin da waya, sunka bar shi shi da dattijon da ya ɗauko. Da ƙafa sunka kai Kamarawa, mutanen can sunka taimaka anka kawo shi gida. Yanzu yana samun sauƙi, sai dai hannun bai ɗaguwa sosai, kuma ya zama marar magana.

To ashe tirakar ba ta mutu ba. In suna cikin daji inda babu sabis ba a ganin komai, amma da sun fito inda sabis yake sai ɗigon ya dawo. Da Talha ya ji haka ya dinga kirana. Yau ya ce in danna wurin kashe injin, gobe ya ce in ba shi lambar sirri ya kai wa shugaban 'yan sa-kai na unguwarmu su bi sawu. Maigidana ya ce a bar wa Allah, ransa da ya tsira ya ishe shi. Talha ya ce wannan tsoro ne, kuma irin shirun nan ne ya sa anka raina mu. Ni dai na ce masa na manta lambar, wayar ce kawai ke buɗewa da kanta. Na san bai yarda ba.

Tsorona na farko layin nan ne. Duk ranar da mashin ɗin ya lalace sunka buɗe shi, za su ga abin. In sun cire layin sun sa a waya za su san lambar, kuma an ce mini in an rubuta lamba a manhajar tura kuɗi sunan mai ita yana fitowa. Sunana ne cikakke, da na mahaifina. Kin san abin da mutanen daji ke yi wa wanda sunka zarga da zama infoma. Akwai wani mai shayi a wani ƙauye kusa da mu da anka ce yana kai rahoto, har gida sunka bi shi, kuma har yau ba wanda ya tabbatar ya taɓa kai rahoton. Yanzu ko ƙarar mashin na ji a ƙofar gida sai in tashi in kulle ƙofa. Na hana ɗiyana wasa a waje. Baƙuwar lamba in ta kira ba na ɗauka.

Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Mahaifiyata Bafulatana ce, ta rasu ina ƙarama, ƙanwarta Inna Mardiyya ce ta raine ni a rugarsu da ke wajen Turba, har na isa shiga makaranta mahaifina ya ɗauko ni. Kwanakin baya da hantsi na buɗe taswirar, na ga ɗigon a tsaye. Na matso da hoton, irin wanda ake ɗauka daga sama. Na ga lanƙwasar rafin da muke wanki, na ga tsamiyar nan babba, na ga bukkoki. Hajiya, ko cikin barci anka tashe ni na san wurin nan. Mashin ɗin maigidana yana tsaye a rugar innata. Ya kai har azahar a wurin sannan ya koma daji. Na ce ko wucewa ce. Bayan 'yan kwanaki ya sake dawowa, wuri ɗaya, ya sake daɗewa.

Mijin Inna ya rasu, ɗiyanta maza biyu. Amiru shi ne babba, shi ke kiwon 'yan shanun da sunka rage musu, mutum ne mai sanyi, ko faɗan yara bai iya ba. Ƙaramin, Abbas, tun shekarar da anka kore musu garke ba mu sake sa shi a ido ba. In an tambayi Inna sai ta ce yana Nijar wajen dangin ubansa. Ni na goye Abbas a bayana. Ba na so in yi masa mummunan zato, amma zuciyata ta ƙi barin wurin. Wani lokaci in ce shi ne yake zuwa gaida uwarsa a kan mashin ɗin da anka karya kafaɗar mijina a kansa. Wani lokaci in ce a'a, mutanen daji ne ke sauka su tilasta wa tsohuwa ta dama musu fura, kamar yadda suke yi a rugage da yawa.

Na kira Inna a wayar Amiru, na ce gaisuwa ce. Inna da in ta kama hira sai katina ya ƙare, ranar nan a gajarce ta amsa. Ta ce lafiya lau, suna da baƙi, za ta neme ni. Har yau ba ta neme ni ba.

Manhajar tana ajiye duk inda mashin ya je. Duk wanda ya samu lambar sirrin zai ga rugar. In 'yan sa-kai sunka gani, na san ba tambaya za su je yi ba. Akwai Inna a wurin, akwai matar Amiru da jinjiri, akwai wasu gidaje da ba su san komai ba. Ko yanzu, tun da abin ya faru, uwar mijina in za ta yi maganar ɓarayin sai ta ce dangin wasu, ta dube ni. Ba ta taɓa yi mini haka ba sai bana. In kuma na yi shiru, ina jin kamar na ci amanar mutumin da ke kwance da karyayyar kafaɗa, wanda bai taɓa ɓoye mini komai ba. Kuma wa ya sani ko da mashin ɗin nan ake zuwa tare wasu bayin Allah, ni ina kallo a waya?

Talha zai zo wani bikin suna ƙarshen watan nan, ya ce in ya zo da kansa zai karɓi wayar. Na yi tunanin in jefa ta rijiya in ce ta faɗa. Na yi tunanin in kira Inna in ce su tashi daga wurin. Na yi tunanin in faɗa wa maigidana, sai in tuna shi da Talha ciki ɗaya sunka fito. Abinci ba ya shiga, na rame har mutane na tambaya ko ciki ne. Hajiya, mi za ni yi? Wa za ni ceta, wa za ni bari?

Taki cikin damuwa,
Wata baiwar Allah daga Gobir

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da wannan jarrabawa, Allah ya ba maigidanki lafiya. Kafin komai, ki sani na sauya sunaye da wurare da wasu bayanai a wasiƙarki, don kada wani ya gane ki ta nan.

Abu na farko da nake so ki riƙe shi ne, na'urar nan inda mashin yake kawai take nunawa. Ba ta san wanda ke kansa ba, ba ta san abin da ya kai shi ba. Zai yiwu Abbas ne. Zai yiwu 'yan bindiga ne ke sauka a kan innarki ba da sonta ba, kuma yadda ta amsa miki waya ya fi kama da na mutumin da ake tsaye a kansa. Zai yiwu ma an sayar da mashin ɗin ga wani. Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba. Abin da ba a tabbatar ba kuwa ba a miƙa shi ga mutanen da ke cikin fushi da makami a hannu. Don haka kada ki ba da lambar sirrin, kuma kada wayar ta bar hannunki.

Ban ce Talha mugu ne ba. Yayansa aka daka, abincin gidanku aka ƙwace, kuma shi ya kawo na'urar, dole yana jin nauyin ta yi amfani. 'Yan sa-kai ma da yawansu mutane ne da aka kashe wa nasu. Amma in suka shiga rugar nan, abin da zai faru ba ya gyaruwa, kuma ramuwar da za ta biyo baya a unguwarku za ta sauka. Haka maganar kashe injin. Na tambayi wani mai haɗa irin waɗannan na'urori, ya ce mashin ɗin da ya mutu haka kawai buɗe shi za a yi, kuma nan take za a ga abin da ke ciki. Kada ki danna.

Jefa waya a rijiya ba zai raba ki da komai ba. Layin yana nan a jikin mashin da sunanki, bayanan tafiyar kuma ba a cikin wayarki kaɗai suke ba. Kada kuma ki yi wa innarki maganar tiraka ta waya. Ba ki san wanda ke kusa da ita ba, kalma ɗaya za ta iya jefa ku duka cikin haɗari.

Ki faɗa wa maigidanki, kuma ki yi hakan kafin Talha ya iso. Na fahimci tsoronki, amma ki duba halin mutumin da kika ba ni labari. An karya masa kafaɗa, an raba shi da sana'arsa, ya ce a bar wa Allah. Wannan ba mai neman jini ba ne. Ki sami lokacin da yara ba sa kusa, ki nuna masa taswirar, ki gaya masa abin da kika sani da abin da ba ki sani ba, har da zarginki a kan Abbas. Zai iya jin zafi, ki ba shi lokaci. Ya ji daga bakinki ya fi ya gani a hannun ƙanensa, domin a ranar ba za a tambayi Abbas ba, ke za a tambaya me ya sa kika ɓoye. Kuma shi ne kaɗai zai iya ce wa Talha mashin nawa ne, na hana, a zauna lafiya. Shi ne kuma zai iya yi wa mahaifiyarsa magana a kan gugar zanar da take miki.

Akwai wani haɗarin da ba ki ambata ba. Mashin ɗin da sunan maigidanki yake, layin da sunanki. In aka kama shi a wurin wani hari, ku za a fara nema. Saboda haka ku tafi Sakkwato tare, ko da sunan duba kafaɗarsa ne, wadda dama tana bukatar a duba. Ku kai rahoton ƙwacen a rubuce in ba ku riga kun kai ba, ku karɓi shaida ku adana. Daga nan ku je ofishin kamfanin layin ku ce an sace shi, a rufe shi, ki kuma raba lambar da duk wani asusunki na kuɗi. Mai haɗa na'urar ya ce layin da aka rufe ba ya kira ba ya karɓa, kuma da wuya a ciro suna daga gare shi. Bai ce ba zai taɓa yiwuwa ba, ni ma ba zan ce miki haka ba, amma haɗarin zai ragu ƙwarai. Ki sani da an rufe layin ɗigon zai ɓace, mashin ɗin kuma sai dai ku fawwala wa Allah. Ina ganin ranku ya fi shi.

Saura tambaya mai nauyi, wato ko za ku nuna wa hukuma inda mashin ɗin ke zuwa. Damuwarki a kan wasu bayin Allah da za a iya tarewa da shi gaskiya ce, kuma ba zan ce ki toshe kunne ba. Shawarata ita ce ki fara ganin innarki ido da ido. Ki aika mata ta hannun wanda kika yarda da shi cewa ba ki da lafiya kina son ganinta, wanda ba ƙarya ba ne. In ta zo, ki tambaye ta a hankali su wane ne baƙin. In tilasta musu ake yi, sai ku nemi inda za su koma ita da iyalin Amiru kafin a yi wani motsi. In kuma Abbas ne, to ki sani rufa masa asiri ba taimakonsa ba ne, ba kuma taimakon uwarsa ba. A kowane hali, bayanin nan babban jami'i ake kai wa a Sakkwato, baki da baki, tare da lauya ko wani dattijo da kuka amince da shi, da sharaɗin a sakaya sunanku, a kuma faɗa masa ƙarara cewa akwai tsohuwa da mata da yara a wurin. Ba a faɗarsa a majalisa, ba a tura hotonsa a waya. Ki ɗauki hoton taswirar ki ajiye inda ke kaɗai kika sani kafin a rufe layin, don shawarar ta kasance a hannunku ko bayan an rufe.

In kuna da dangi a wani gari, babu laifi ke da yara ku je ku ɗan huta har abubuwa su lafa. Kuma don Allah ki rage buɗe manhajar nan. Kallon ba ya hana komai faruwa, lafiyarki kawai yake ci, ga yara uku da majinyaci suna bukatarki. Ki ci abinci ko ba kya so.

Ga sauran masu karatu, musamman na yankunan da ke fama da wannan masifa, waɗannan na'urori suna da amfani, ban hana kowa saye ba. Amma kafin a saka, a tambayi mai sayarwa da sunan wa za ta yi aiki, wa zai iya ganin bayanan, kuma me za a yi ranar da ta faɗa hannun da ba a so.

Ƙanwata, ba ki ci amanar kowa ba. Kin ga abin da zai iya jawo asarar rayuka, kin tsaya kin yi tunani, kuma hakan daidai ne. Abin da ya rage shi ne ki daina ɗaukarsa ke kaɗai, ki fara da maigidanki yau ko gobe. Allah ya tsare ki da iyalinki, ya kare innarki da duk wanda ba shi da hannu, ya shiryi wanda ya kauce, ya dawo da zaman lafiya ƙasar Gobir.

Hajiya Zulaihatu